Taku Bakwai da Gaisuwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, wai kakanku Malam Gimba ya daina fita ne saboda kunyar ɗansa ya zama ɗan rawa. Goggonku Hajara ce ta fi kowa yaɗa ta, kuma ban ga laifinta ba, domin ta fi gaskiyar daɗin faɗa. Na yi shiru shekara da shekaru, sai ranar sunan ɗanki, Maryam, na ji kina ba dangin mijinki labarin kamar a gabanki aka yi. A ranar na ce to, gara in rubuta tun idona yana ganin layi. Baba bai taɓa hana ni rawa ba. Ranar da na fara gaya masa ina tara ɗalibai muna koyo, goro yake ci, bai ma ɗago kai ba.

"In dai ba ka bar salla ba, kuma ba ka kawo mini ganga ƙofar gida ba, je ka yi ta tsalle-tsallenka."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Abin da ya zaunar da shi a gida daban ne. Ni na jawo shi, kuma ba da mugun nufi ba, wanda hakan ne ma ya fi ci mini rai.

A lokacin ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare, ina kuma riƙe da 'yar ƙungiyar rawa, samari takwas da 'yan mata shida. Aikinmu bai wuce a kira mu in an yi baƙi daga Damaturu ba, mu ɗaura kayan gargajiya, mu yi rawar Ngizim, mu yi ta Karekare, mu yi ta Bolawa, a tafa, a ba mu lemo mu watse. Shekara tara ina wannan, har na kai ina iya rawa ina lissafin cefane a raina. A shekarar ne wata mata mai suna Malama Rifkatu ta zo daga Jos da wani shiri na wata shida, wai kowane gari zai ƙirƙiri sabuwar rawa daga rayuwarsa ta yau, a ƙarshe a haɗu a Jos a nuna. Da na ji an ce rawar zamani na ɗauka irin wadda yara ke kwaikwayo a talabijin ce, har na shirya ba ta haƙuri. Sai ga wata 'yar gajeruwar mata, ta girme ni, da furfura a goshi, ta cire takalmi ta tsaya a tsakiyar ɗakin taro ta ce a fitar da gangunan waje.

"Malam Idi, rawar kakanninku tana nan, ba wanda zai ƙwace muku. Ni abin da na zo nema shi ne yadda mutumin Potiskum yake ɗaukan buhu yau. Ku fita ku kalli mutane. Ku bar fuska, fuska ta iya ƙarya. Ku kalli gwiwa da kafaɗa."

Haka muka yi wata guda ba kiɗa. Kowace Asabar kowa zai zo da motsi uku da ya gani a jikin wani mai aiki, mai facin taya ko mai tuyar ƙosai ko mai jan ruwa a rijiya. Za ka yi motsin sau ashirin, har ka manta na wane ne, sannan ta ce ka rage masa gudu, sannan ka faɗaɗa shi, sannan ka yi shi kana kallon bango. Abin da ya rage bayan wannan wahala shi take ajiyewa, sauran ta ce a zubar. Na sayi littafi ina zana mutane da layi-layi kamar ɗan aji ɗaya. Mahaifiyarku ta gani ta ce ashe albashin da ake ba ni na zanen ƙadangaru ne. Amma gaskiya zan gaya muku, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba. Garin da na girma a cikinsa sai ya zame mini sabo, ko layin mai na tsaya sai in ga abin ɗauka.

Da aka zo zaɓen abin da rawarmu za ta tsaya a kai, ba mu yi dogon tunani ba muka ce kara, kasuwar shanu, domin kusan kowannenmu da ita aka ciyar da shi. Ni kam can Baba yake aiki tun kafin a haife ni. Shi ke tsayawa a bakin tudun loda, inda ake tura shanu cikin tirela, ya ce wannan sa ya shiga gaba, a kwantar da waccan saniya nan, a juya ƙahon wancan, don dabbobin su isa Kudu da rai. Duk wanda ke tsaye a wurin dole ya iya kauce wa ƙaho cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba a barin mai laulayin ƙafa a can ko da ɗan uban wane ne. Baba ya haura sittin yana nan a wurinsa, kuma da wannan yake tinƙaho. Ina ƙarami wani sa ya taɓa matse shi da jikin mota ya karya masa ƙafar hagu, ya yi wata uku a kwance, aka ɗauko mai ɗori daga Gadaka. Ya tashi ya ce ya warke sarai, kowa ya yarda, har da mu 'ya'yansa.

Abin da gari ya san shi da shi kuwa gaisuwa ce. Daga gidanmu na Yindiski zuwa kara, Baba ba ya wuce mutum. Zai yi 'yar tafiya ya tsaya, ya ɗaga hannun dama, ya gai da Bafulatani da Fillanci, ya yi wa Babarbare wushe-wushe, ya tambayi Inyamuri mai kayan gyara ya iyali. In ba mutum a kusa, zai tsaya ya duba sama ya ce hadarin nan kamar a ƙauyen Mamudo zai sauka. Kullum cikin babbar riga har ƙasa, ko ana zafi kamar me. Inna takan ce in ka aiki Malam sayen gishiri, to ka ɗora miyar gobe. Mutane suna kawo shi misali in suna yi wa yaransu faɗa a kan ladabi.

Wata Laraba da safe, cikin damina, na fito bayansa da littafina zan je kara kallon masu loda. An yi ruwa, yashin lungunmu ya jiƙe, sawun kowa ya fito raɗau. Saboda Malama Rifkatu ta ɓata mini ido, maimakon in kalli gabana sai na kalli ƙasa. Sawun damansa ya nutse, na hagu kuwa da kyar ya taɓa yashi. Na ci gaba da bi, sai na ga wurin da ya tsaya gaisuwa, rami ɗaya ne mai zurfi, na hagu ɗan yatsa kawai ya dangwala. Na ƙirga zuwa tsayawa ta gaba, taku bakwai. Ta gaba, bakwai. Na ɗaga kai na hango shi ya tsaya yana gai da wani mai shayi, na ƙirga da ido da ya tashi, bakwai ya sake tsayawa, wannan karon babu kowa, sai ya gyara hula. Nan na gane ƙafar ba ta taɓa warkewa ba. Taku bakwai take iya ɗaukarsa, sai ya hutar da ita a ƙarƙashin riga, ya rufe hutun da gaisuwa. Shekara talatin yana wannan, gari guda bai gane ba.

Yanzu ga abin da nake so ku sani game da ubanku. Da na gane, ba tausayi ne ya fara zo mini ba. Murna ce. Na ji kamar wanda ya tsinci abu mai daraja a hanya, na ce a raina na samu ƙarshen rawata. Har yau in na tuna wannan murnar sai kunya ta rufe ni.

Wata uku na yi ina binsa. Duk ranar da ba ni da aji da safe, in ya fita sai in bar tazarar taku ashirin in bi baya, har bakin kara. Ina ƙirgawa, ina lura da yadda kafaɗar dama ke sauka kafin hannu ya tashi, yadda yake jan numfashi a cikin "ina kwana" don kada a ji nishi. In iska ta ɗaga gefen rigar sai in hango ƙafar tana karkarwa. Da yamma in dawo in gwada a jikina. Jikinmu iri ɗaya ne, dogaye masu ɗan rankwafawa, don haka ba ta ba ni wuya ba. Wata rana bayan la'asar ina gwadawa a tsakar gida, ban san Inna tana bakin madafa tana kallona ba. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Idi, tafiyar wa kake yi?"

"Aiki ne, Inna. Girmama Baba zan yi a gaban jama'a."

"Wannan tafiyar ba taka ba ce. Mayar da ita inda ka ɗauko ta."

"Ashe kin sani?"

"Wa kake tsammani ke dafa masa ruwan gasa ƙafar tun kana ƙarami? Na ce ka mayar."

Na ce to, amma to ɗin baki ce. Ina ganin Inna ba ta san aikin ba ne, mu da muka yi makaranta mun fi ta ganin nesa. A raina, in mutane suka ga irin juriyar da Baba ya yi, darajarsa ce za ta ƙaru.

Da na nuna wa Malama Rifkatu a wurin gwaji, na yi tafiyar cikin babbar riga kamar yadda yake yi. Ta kalla, ta sa na maimaita, ta ce tana ganin mutum mai gaisuwa, amma ba ta ga dalilin da ya sa nake haɗa gumi ba. Sai na cire rigar na sake yi da gajeren wando, ƙafar hagu a fili. Yaran da ke hira a gefe suka yi tsit. Ta tambaye ni tafiyar wane ce. Na gaya mata.

"Ka tambaye shi?"

"Ya sani."

"Malam Idi, ba cewa na yi ya sani ba. Ka zauna da shi ka tambaye shi?"

"Mun yi magana."

Ƙarya na yi mata, kuma ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba. Na san in na tambaya zai ce a'a, ni kuma ba na son jin a'a. Muka tsara ƙarshen rawar a kan ratsawa biyu, ta farko da riga, ta biyu ba riga.

Ranar da za mu fara nunawa a gida kafin tafiya Jos, ni da kaina na je kara na gayyato abokan aikin Baba, har da Alhaji Maina shugaban masu loda. Bayan la'asar ɗakin taron makarantar ya cika, su na kara suna gaba a kan benci, Baba a tsakiyarsu da farar riga. Yaran sun yi abin a yaba. Babu ganga, sai ƙarar tafin ƙafa da fito irin na makiyaya da igiya guda doguwa, wani lokaci su zama masu ja, wani lokaci su zama abin da ake ja. Mutanen kara suna ta nuna juna, wannan ai Bukar ne, wancan ai yadda Sale ke riƙe wutsiya ne. Sai kowa ya fice na shigo ni kaɗai cikin babbar riga. Taku bakwai, na tsaya, na ɗaga hannu. Ban kai ga ta biyu ba ɗakin ya ɗauka.

"Malam Gimba! Wallahi Malam Gimba ne!"

Suna dariya suna amsa mini gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, wani yana dukan kafaɗar Baba. Na saci kallonsa, shi ma dariya yake yi har da share ido. Da a nan na tsaya, da yau wani labari nake rubuta muku. Na kai bango, na tuɓe rigar na ajiye, na juyo. Taku bakwai, na tsaya, na ɗaga hannu kamar ɗazu, ƙafar hagu ta ɗago daga ƙasa tana karkarwa. Dariyar ta ɗauke kaɗan-kaɗan. A tsayawa ta uku ba ka jin komai sai fanka. Na ga Alhaji Maina ya sunkuyar da kai yana kallon gefen rigar Baba. Da na gama an tafa sosai, wasu mata suna kuka, Malama Rifkatu ta ce ba ta ga kamarsa ba a duk garuruwan da ta zaga. Baba ya jira kowa ya tashi, sannan ya miƙe ya fita. Bai gai da kowa ba.

Laraba ta gaba da ya isa kara, ya tarar an ajiye masa kujera a inuwa, an tsayar da wani a bakin tudun loda. Ba wanda ya ci masa fuska. Alhaji Maina da kansa ya riƙo hannunsa ya ce Malam ka yi mana afuwa, ba mu sani ba, da tuni mun hutar da kai, daga yau daga nan za ka riƙa ba da umarni, kuma rabonka yana nan. Kuma Alhaji yana da gaskiya, domin da sa ya taka shi bayan sun sani, su za a zaga. Baba ya zauna a kujerar har azahar, ya dawo gida, bai sake taka kara ba. Hanya ma ta gagare shi. In ya ɗaga hannu zai yi gaisuwa sai a riga shi da sannu Malam, ya ƙafar, masu babur su tsaya su ce ya hau. Mai shayin da ya shekara yana gaisawa da shi ya fara fito masa da benci. Cikin wata guda ya taƙaita ga masallacin ƙofar gida. Ƙafar da ya saba motsawa kullum kuwa, da ta samu zama sai ta sandare, kafin shekara ta zagayo sai da sanda.

Gidan ya yi nauyi. Inna ba ta yi mini faɗa ba, tuwo kawai take turo mini ba ta kallona, kuma na fi son a ce ta zage ni. Yaya Hajara ta zo daga gidanta ta ce dama ita ta san rawa ba ta haifar da alheri, daga nan maganarta ta samo asali. Da lokacin tafiya Jos ya yi na ce wa Malama Rifkatu a cire ƙarshen, na kuma gaya mata ƙaryar da na yi mata. Ta yi fushi, ta ce ita ma da laifinta da ba ta je ta gaishe shi da kanta ba. Yaran suka roƙe ni, suka ce mutanen Jos ba su san Malam Gimba ba, ɓarnar da za a yi an riga an yi. Maganarsu tana kan hanya, amma na kasa. Suka tafi da sauran, aka tafa musu daidai gwargwado, aka zaɓi rawar wani gari aka kai ta Legas. Biyu daga cikinsu ba su sake yi mini magana ba har suka gama makaranta. Na ci gaba da tsara rawa shekaru da yawa bayan haka, kun ga wasu da idonku, amma ban sake ɗaukar motsin mutum ba sai na zauna a gabansa na nuna masa, ya ce ya yarda.

Shi kuwa Baba ban iya tunkararsa ba sai bayan wata biyu. Na same shi a zaure bayan la'asar yana tufkar igiya, igiyar da ba wanda zai ɗaure komai da ita. Na durƙusa na ce Baba ka yafe mini. Ya ci gaba da tufka.

"Rawar ta yi kyau. Yaran nan sun iya jan igiya, kamar a kara aka haife su."

"Baba, na tona maka asiri."

"Ka tona. Amma ai da ma wata rana ƙafar za ta tona da kanta. Wannan na yafe tun a ɗakin taron."

Na ji sanyi a raina, har na fara godiya. Sai ya ajiye igiyar a cinyarsa ya dube ni, karo na farko tun ranar.

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini, Idi. Wata ukun nan da kake bina, ka ɗauka ban sani ba? Tun ranar farko na gan ka a madubin wata mota. Na dawo na ce wa uwarka, yaron nan ya gane, amma dubi hankalinsa, bai ce komai ba, bina kawai yake yi a baya kada in faɗi. Har rage sauri nake yi don kada ka makara makaranta kana nemana a cikin jama'a. Ban taɓa jin daɗin hanyar kara kamar a watannin nan ba."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba. Na zauna a wurin har aka kira magariba.